Saitin Turbo da Al'adar Karanta Rikodi

A tsakanin masu ƙara wa motoci ƙarfi a Amurka da Japan da Turai, duk wanda ya zo yana kurin ya ƙara wa turbo ɗinsa matsi, tambaya ɗaya ake fara yi masa: ina rikodin? Ba a cika sauraron labarin yadda mota ta manna shi da kujera ba. Abin da ake son gani shi ne fayil ɗin da ƙwaƙwalwar injin ta rubuta a 'yan daƙiƙun da ya take totur har ƙasa. A ganina wannan ɗabi'a ta neman shaida ita ce ainihin sana'ar, ƙarin gudu kuma riba ce da ke biyo baya.

Turbo tsohon tunani ne. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi rajistar fasahar tun 1905, amma sai a 1962 ta shiga motocin gida, a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya wata fanka, ita kuma tana juya 'yar'uwarta da suke kan sanda ɗaya, wadda ke cusa iska cikin silinda. Iska ta ƙaru, an ƙara mai, wuta ta yi ƙarfi, hayaƙi ya ƙaru, fanka ta ƙara gudu. Abu ne mai ciyar da kansa, kuma ƙaramin turbo yakan wuce juyi 150,000 a minti. Idan ba a taka masa burki ba, sai fistin ko gasket ya biya kuɗin. Burkin shi ne wata ƙofa a kan hanyar hayaƙi, wadda sifirin ke riƙe da ita a rufe. Wani siririn tiyo yana kai matsin iskar wurin sifirin; da matsin ya fi ƙarfinsa sai ƙofar ta buɗe, wani ɓangare na hayaƙin ya kauce wa fanka ya wuce salansa.

Kamfanin Saab na Suwidin ne ya shahara da sa lantarki a tsakanin tiyon da sifirin, da tsarinsa na APC da ya fito a Saab 900 Turbo a 1982. Sun ɗora bawul na lantarki a kan tiyon, suka haɗa shi da sensa mai sauraron ƙwanƙwasar injin, wato fashewar mai ba bisa tsari ba. Idan mai bai da inganci injin ya fara ƙwanƙwasa, tsarin zai rage matsi da kansa. Har yau a kan wannan dabara ake tafiya: bawul ɗin yana ɓoye wa sifirin wani kaso na matsin, ƙofa ta jinkirta buɗewa. Ƙwaƙwalwa tana kunna shi tana kashewa kamar sau 15 zuwa 30 a daƙiƙa, kuma kason lokacin da yake a kunne shi ne lambar da mai saiti ke wasa da ita. A sifili, matsi yana tsayawa inda sifirin ya ce. Ƙasa da haka kuwa babu ikon kwamfuta, don haka zaɓen sifirin shi ne saitin farko tun kafin a buɗe manhaja.

Abin da ya mayar da wannan aiki hannun talakawan gareji abubuwa biyu ne. Na farko, dokar Amurka da ta wajabta soket ɗin OBD-II na karanta bayanan injin a motoci daga 1996. Na biyu, ƙwaƙwalwa irin MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka ƙirƙira don mutum ya haɗa da hannunsa, tare da manhajoji irin TunerStudio da MegaLogViewer. Masu Subaru suna da RomRaider, masu Volkswagen suna duba bawul ɗinsu mai suna N75 da manhajar VCDS. Kowa ya samu hanyar leƙa cikin injinsa yana aiki.

Ƙa'idar ƙwararru ba ta da armashi ko kaɗan. Ana fara gwaji da sifirin kaɗai, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a take totur daga juyin injin kamar 2,000 a minti zuwa ƙarshe, a kan na'urar gwajin ƙarfi ko filin tsere. A duba rikodi. A ƙara wa bawul kaso kaɗan, a sake. Sannu a hankali ake cika jadawalin da ke cewa a juyi kaza, kaso kaza ne ke ba da matsi kaza. Sai wannan jadawali ya zauna sannan ake bai wa ƙwaƙwalwa izinin gyara da kanta, tana kwatanta matsin da ake nema da wanda aka samu. Masu gaggawa suna tsallake matakin farko, su bar wa lissafi aikin gano komai, kuma a nan ne rikodi yake tona asiri.

A ce an nemi matsi na kPa 180. A zanen rikodin za ka ga layin nema a miƙe, layin matsi kuma yana hawa daga ƙasa. A juyi 3,200 ya tsallake layin nema ya kai 205, ya faɗo 165, ya sake hawa 190, yana lilo har ƙarshen giya. Direba zai ce mota tana da zafi, domin wannan tsalle na farko yana da daɗi a jiki. Mai karanta rikodi zai duba layin bawul, ya ga tun daga juyi 2,200 yana manne a sama. Dalili shi ne lissafin gyaran, wanda ake kira PID, yana da hannu uku: ɗaya yana duba tazarar da ke akwai yanzu, ɗaya yana tara tazarar da ta daɗe ba ta rufe ba, na uku yana lura da saurin canjin. A ƙaramin juyi hayaƙi bai isa ya kai turbo inda ake so ba, ko me aka yi. Hannu na biyu bai san haka ba, sai ya yi ta tara bashi, lokacin da turbo ya farka ƙofa tana nan a garƙame. Kamar mai girki ne da ya ga tukunya ba ta tafasa ba ya yi ta tura itace, can wuta ta kama gaba ɗaya, miya ta zube. Maganin shi ne a hana gyaran farawa sai matsi ya kusa wurin da ake nema, a kuma sa wa tarin iyaka.

Wani amfanin rikodi da ba a cika yabawa ba shi ne nuna inda ikon kwamfuta ya ƙare. Idan bawul ya sauka sifili amma matsi yana ta hawa a babban juyi, ƙofar ce ta yi ƙanƙanta, abin da yakan faru bayan an sa salansa mai faɗi. Babu lambar da za a canza ta gyara wannan, sai an faɗaɗa ramin ko an sauya ƙofa. Idan kuma bawul ya kai ƙarshensa matsi bai cika ba, a nemi tiyon da ya tsage ko kilif da ya saki. Wanda ya ci gaba da ƙara lamba a wannan hali yana azabtar da turbo ne a banza.

Sai dai rikodi shi ma yana ƙarya, kuma masu wannan al'ada sukan manta. Tsofaffin motocin OBD-II suna bayar da bayani a hankali, musamman idan an nemi abubuwa da yawa lokaci guda, alhali tsallen matsi yana iya zuwa ya wuce cikin ƙasa da daƙiƙa. Sensa ma tana da rufi: wadda aka saba gani a MegaSquirt tana tsayawa a kPa 250, wato kusan psi 21 sama da iskar waje. Layi miƙaƙƙe a daidai wannan lamba ba alamar kyakkyawan saiti ba ne, sensar ce ta daina gani. Kuma layin matsi shi kaɗai rabin labari ne. Fetur yana ƙonewa daidai a kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na mai, amma ƙarƙashin matsi masu saiti sukan nemi wajen 11.5 zuwa 12 don rage zafi. Rikodin da babu wannan awo a ciki, babu zafin iskar da ke shiga, babu alamar ƙwaƙwalwa ta ja lokacin tartsatsin fulogi baya saboda ƙwanƙwasa, bai isa a kafa hujja da shi ba.

Abin da na fi zargi a wannan harka shi ne cinikin saitin da aka riga aka dafa, fayil ɗaya da ake lodawa kowace mota mai irin wannan injin. An rubuta shi a kan mai na wata ƙasa da yanayin wata ƙasa. Batun ya fara shafar mu, domin motocin da ake shigowa da su yanzu da yawa ƙananan injina ne masu turbo. Iskar Sakkwato a watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, tana isa silinda da zafin da ke kusantar da injin ga ƙwanƙwasa. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, matsin iskar waje yana wajen kPa 88 maimakon 101 na bakin teku, don haka turbo sai ya ƙara gudu kafin ya kai lambar da fayil ɗin ya nema.

Mai mota, idan wani ya ce zai ƙara wa turbo ɗinka ƙarfi, ka nemi ya nuna maka rikodin kafin aiki da na bayan aiki, a kan motarka, da man da kake sha, kuma ka tambaye shi a wane matsi ya sa ƙwaƙwalwa ta yanke mai idan abu ya ƙwace. Idan bai da amsar waɗannan, ka bar saitin kamfani yadda yake.