Faifai mai huji da jar kalifa ba su ke tsayar da mota ba

Wani yayi ya shigo wa masu manyan motocin gudu, irin su BMW M3 da Mercedes C63 AMG da ake kawo mana tokumbo, kuma yana damuna ƙwarai. Takalmin birki ya cinye, mai mota ya shiga gareji, abin da zai fara nema shi ne faifai mai huji-huji da jar kalifa wadda za a hango ta cikin rim. Wasu har murfi suke saya mai ɗauke da sunan Brembo su kifa a kan ƙaramar kalifarsu, murfin da ba ya ƙara komai sai tare iska. Ana zaɓar birki da ido, alhali rai ne ya rataya a kansa.

Aikin birki shi ne mayar da gudu zafi. Motar da ta kai kilo 1,500 tana gudun kilomita 200 a awa, in aka tsayar da ita cak, zafin da zai fita ya isa ya kai ruwa kusan lita 7 ga tafasa, cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma faifan gaba ne ke shan mafi yawansa. In gudu ya ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Saboda haka abin dubawa a faifai shi ne kaurinsa da yadda yake fitar da zafi.

Hujin nan yana da asali. Takalman zamanin da, in sun yi zafi, suna fitar da wata iska da ke shiga tsakaninsu da faifai, huji ya ba ta hanya. Na yanzu da ƙyar suke yin haka. Abin da ya rage shi ne illar: kowane huji ya rage ƙarfe, kuma daga bakinsa tsagewa ke farawa. Gaskiya ne Porsche da AMG suna fito da motoci da faifai mai huji, amma da hujin aka tsara shi tun farko, kuma ko shi ana duba tsawon tsagewarsa a sauya. Mai arha da aka huda daga baya don ya yi kyau, ba zan sa wa motar ɗan'uwana shi ba. Motocin tsere na ajin GT3, waɗanda ke kwana suna gudu, faifan ƙarfe mai zane-zanen tsaga suke sawa.

Sai maganar kabon-siramik, wanda ya zama abin alfahari. Porsche ta sa shi a 911 GT2 a 2001, Ferrari Enzo ta biyo da na Brembo a 2002. Abu ne mai kyau, ban musa ba: nauyinsa kusan rabin na ƙarfe, ba ya tsatsa, ƙurarsa kaɗan ce, a kan titi kuma yana daɗewa sosai. Amma tsakuwa ɗaya da ta maƙale, ko bakaniken da ya buga rim a gefensa wajen cire taya, sun isa su ɓantare shi, kuma faifai ɗaya dubban daloli ne. Ba a ma gane cinyewarsa da kauri kaɗai, sai an auna nauyinsa. Shi ya sa masu Porsche da yawa da ke zuwa filin Nürburgring a Jamus suke cire shi su ajiye, su sa na ƙarfe. Wanda zai sayi tsohuwar Porsche mai rawayar kalifa, wato mai kabon-siramik, ya san abin da ya ɗauko wa kansa.

Ni a ganina, inda ya kamata a zauna a yi tunani shi ne takalmin. Na tsere sai ya yi zafi yake kamawa sosai. Da sanyin safiya cikin gari ƙara yake yi, yana cin faifai, kuma taka farko ba ta ba ka abin da kake zato. Na titi kuma, in an matsa masa a filin tsere, sai ya saki. Akwai na tsaka-tsaki irin Ferodo DS2500 ga mai haɗa biyun. Amma wanda gudunsa bai wuce babbar hanya ba, na asali ko makamancinsa mai alamar ECE R90 ya ishe shi, in dai ya saya a hannun wanda ya amince da shi, domin jabu ma suna zuwa da kwali mai kyau.

Wajen sauyawa ne ake yawan ɓata kaya masu tsada. A auna faifai, a gwada da mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa. A sauya hagu da dama tare. A kankare tsatsar mazaunin faifai kafin a ɗora sabo. Bayan nan a gasa takalmin: a kai kilomita 100, a taka sosai zuwa kamar 10, kusan sau 10 ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiya ya huce. Yawancin karkarwar sitiyari da ake cewa faifai ya lanƙwashe, takalmi ne ya shafu a jikinsa ba daidai ba.

Man birki kuwa, ba wanda ke ganinsa ta cikin rim, sai aka manta da shi. DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma yana tsotsar ruwa daga iska, har ya sauko wajen 155. Ranar da ya tafasa, feda za ta tafi ƙasa ba ta kama komai ba, ko da kalifar mai fistin shida ce. A zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Kuɗin da aka tanada don fenti da murfi, a ƙara a sayi taya mai kyau, tunda da zarar ABS ya fara aiki, riƙon tayar ne ke yanke inda motar za ta tsaya.