Jinjina ga Masu POS na Karkara

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Kunci, inda banki ke da nisa, masu POS sun cancanci yabo. Ɗa yana ci-rani a Legas, ya turo kuɗin taki ta OPay ko Moniepoint, tsohonsa ya karɓa a rumfar bakin kasuwa.

Mai POS kuwa tun sassafe ya nemo caji, ya shiga gari neman tsabar kuɗi, ya yini yana ɗaga waya sama don samun sabis. In kuɗi sun maƙale, shi ke rarrashi: "Baba, yi haƙuri, za su shigo."

Ba don masu POS ba, da manomi ya bar gonarsa ranar shuka ya tafi bin layin banki.