Bitar "A Bite of China": Daga Daji Zuwa Kwandon Gora

Wanda ya taɓa shiga gidan cin abincin Sinawa, irin wanda ake jera girke-girke kowa ya ɗebi son ransa, ya san abincin da ake kira dim sum, mai zuwa a ƙananan kwandunan gora masu tururi: ƙulli-ƙullin fulawa, wani da jatan lande a ciki, wani da ganye. Ana ci, ana kurɓar shayi, a tashi. Ba kasafai ake tambayar hannun da ya ƙulla su ba.

Wannan tambayar ce shirin "A Bite of China" ya amsa. Gidan talabijin na CCTV ya fara nuna shi a 2012, kashi 7, ƙarƙashin jagorancin Chen Xiaoqing. A zango na biyu, na 2014, an leƙa shayin safe na birnin Guangzhou, cibiyar dim sum. Amma ƙarfin shirin yana karkara.

Kashin farko na zangon farko ya buɗe da wata yarinya 'yar Tibet da mahaifiyarta a Shangri-La, lardin Yunnan. Tun da duhun asuba suke hawa dutse neman naman kaza mai tsada da ake kira matsutake. In sun tono ɗaya, sai su mayar da busasshen ganye su rufe ramin don ya sake tsirowa baɗi. Kyamara ta tsaya a kan yatsun nan ba gaggawa. Mutumin Birnin Gwari ba ya buƙatar a yi masa bayani, domin haka iyayenmu mata suke shiga dajin Kamuku tsintar kaɗanya da ɗorawa, kafin 'yan bindiga su raba mutane da dajinsu shekara da shekaru. Na kalli wannan ɓangare na shirin da ƙwalla a idona.

Sai wani dattijo na Suide, a lardin Shaanxi, mai niƙa gero a dutse, ya kwaɓa, ya bar shi ya kumbura, ya turara, ya ɗora a keke zuwa gari. Abincin gida ne zalla, kuma an ɗauke shi da mutunci.

Shirin yana da rauni. Kiɗansa da muryar mai bayani kan yi wa wahala ado, har mai tonon saiwa cikin taɓo da sanyi ya zama abin sha'awa, ba a tsaya sosai kan ɗan abin da yake samu ba. Naman alade ma ya yi yawa ga mai kallo Musulmi, ko da yake taliyar naman shanu ta Lanzhou da gurasar Uigur ta Kuqa sun samu gurbinsu.

Ina fata masu shirya fim na Kaduna da Kano su kalle shi, sannan su ɗauki kyamara su bi mai daddawa tun daga gindin ɗorawa har kasuwar Birnin Gwari.