Kalma da Rauji a Waƙoƙin Makon Ista: Victoria da Gesualdo

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a kwatanta yadda mawaƙa biyu suka sarrafa matani ɗaya na Latinanci, domin a ga inda rauji ke yi wa kalma hidima da inda yake danne ta.

Matanin na ibadar duhu ne, wadda Cocin Katolika kan yi a kwanaki uku na ƙarshen azumin Kirista, wato Alhamis da Juma'a da Asabar kafin Ista. Akan kunna kyandir 15, a riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya, ana rera baitoci a kan cin amanar Yesu da mutuwarsa bisa imanin Kirista.

Tomás Luis de Victoria, limami ɗan Sifen, ya buga nasa a birnin Rum a 1585, waƙoƙi 18 na muryoyi huɗu. Zamani ne da shugabannin cocin, bayan Taron Trent (1545-1563), suka matsa a kan lallai mai ibada ya ji kalmomin da ake rerawa. Victoria ya bi wannan ƙa'ida ba tare da ta zame masa takunkumi ba. Jimlolinsa gajeru ne, ba ya yawan maimaici, kuma in ya zo baitin tsakiya sai ya rage muryoyi, sauti ya sirance kamar hasken da ke raguwa a ɗakin.

Carlo Gesualdo kuwa, Yariman Venosa a Italiya, ya fitar da waƙoƙi 27 na muryoyi shida a 1611. Shi kowace kalma ta baƙin ciki yakan tsaya a kanta, ya karkatar da amo zuwa inda kunne bai zata ba, har jimla ta tsinke. Masu sharhi da dama sukan danganta wannan da kisan da ya yi wa matarsa da kwartonta a 1590. Wannan fassara tana da rauni, domin mawaƙan Ferrara da ya zauna da su suna da irin wannan salo, alhali ba su da jini a hannu.

A ganinmu Gesualdo ya fi ƙarfin hali, amma Victoria ya fi sanin inda yake. Waƙar Gesualdo tana jawo hankali ga mawaƙi, ta Victoria kuwa tana mayar da shi ga matani. Ga jama'ar da ta taru cikin duhu domin ibada, ta biyun ce ta biya bukata.