Waƙar Bishara da Dajin Birnin Gwari: Ina Makokin?

Waƙar Kirista a harshen Hausa ta girmi kaset. Tun zamanin Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, ake mayar da waƙoƙin cocin Turawa zuwa Hausa. Da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, Hausa ta ƙara kankama a matsayin harshen sujada ga Gbagyi da Bajju da Atyap da sauran al'ummomin da ba ita suka sha a nono ba. Amma karin waƙoƙin na Ingila ne, kalmomin Hausa sukan zauna a kansa a takure, har a karya musu sauti.

Mawaƙan zamani ne suka kwance wannan ɗauri. Panam Percy Paul, ɗan asalin Adamawa da aka haifa a 1957, ya zauna a Jos, ya shafe fiye da shekara 40 yana rubuta waƙarsa yana rerawa da jita. Yawancin waƙoƙinsa da Turanci ne, amma ya nuna wa 'yan baya cewa ɗan Arewa zai iya riƙe waƙar bishara sana'a ba tare da ya koma Legas ba, ya kuma buɗe makarantar koyon kiɗa. Jeremiah Gyang da Solomon Lange sun zo daga baya da Hausa a baitocinsu, har wanda ba ya zuwa coci yakan tsinci kansa yana bin amshi.

Inda nake da ja shi ne abin da ake cewa a waƙoƙin. Godiya ce, yabo ne, sai albishirin nasara. To, a ɗauki wannan kaya a bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ta Buruku da Udawa, inda aka yi shekaru direba ba ya tashi sai ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya yaƙi. 'Yan bindiga da 'yan Ansaru sun mayar da dajin Kamuku gida. A 2018 an kashe mutane da dama a Gwaska. A 2021 an kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a Chikun mai maƙwabtaka. Musulmi da Kirista duk sun sayar da gona sun biya kuɗin fansa. Sai a Nuwamba 2024 aka yi sulhun da ya sa kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta sake ci. Waƙoƙin bishara nawa ne suka ambaci sunan ƙauye ɗaya, ko suka tambayi hukuma ina take?

Ba Littafi Mai Tsarki ne ya hana ba. Zabura cike take da ƙorafi, akwai ma littafi guda sunansa Makoki. Ba kuma al'adar Hausa ba ce, don Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa. Ina zargin kasuwa: waƙar godiya ce ake gayyata biki da taron farkawa, ta kuka ba mai yi mata liƙi.

Masu ɗan cike giɓin su ne 'yan Zumuntar Mata ta coci, da tukunyar kiɗa da gora da ƙuge. Su ke zuwa gidan makoki, su ke shirya waƙa kan gwauruwa da maraya da gudun hijira. Kaɗan daga ciki ne ke kaiwa situdiyo, kuma da wuya a san wadda ta shirya.