Littafin Tarihin Kano a Matsayin Kayan Koyarwa: Darajarsa da Rauninsa a Makarantu

1.0 Gabatarwa

Manhajar ilmin tushe ta shekara tara wadda aka fito da ita a Nijeriya a 2007 ba ta ba tarihi gurbi na kansa ba, sai dai aka cusa ɗan abin da ya rage nasa cikin darasin nazarin zamantakewa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi makarantun firamare da ƙananan sakandare. Wannan mataki ya tayar da wata tambaya wadda ta fi ta manhaja wuyar amsawa, wato da wane littafi za a koya wa yaro labarin jihar da yake zaune a cikinta, da yanayin ƙasarta, da tattalin arzikinta, da yadda ake mulkinta. Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan Littafin Tarihin Kano, ta auna abin da malami zai iya samu a cikinsa game da waɗannan fannoni huɗu, sa'an nan ta nuna wuraren da littafin ya gaza.

2.0 Asalin Littafin

Da Larabci aka rubuta Tarihin Kano, kuma babu sunan mawallafi a jikinsa. Ya kawo labarin sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, ita kuwa fassarar Hausa ta fito a littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a 1933. A 1958 Hukumar NORLA ta buga Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya bi wannan tafarki na jero sarakuna, ya kuma kawo labarin zuwa ƙarni na ashirin. Ta waɗannan hanyoyi ne yawancin abin da malaman makaranta suka sani game da tsohuwar Kano ya iso gare su.

Akwai wani abu da ya kamata a sani tun farko. Asalin littafin yawan shekarun da kowane sarki ya yi a kan mulki ya bayar. Shekarun Miladiyya da ake liƙa wa sarakunan, kamar 999 da ake cewa Bagauda ya hau, Palmer ne ya lissafo su ta hanyar ƙidaya da baya. Har wa yau, masana irin su Murray Last da John Hunwick sun kawo hujjojin cewa a ƙarshen ƙarni na sha tara aka harhaɗa littafin a surar da yake yanzu. Saboda haka malamin da ya tilasta wa yara haddace 999 tamkar ranar haihuwa da aka rubuta a asibiti, ya ba su tabbacin da littafin kansa bai bayar ba.

3.0 Darajar Littafin

Babbar illar da ake yi wa wannan littafi a aji ita ce mayar da shi jerin sunaye da shekaru. Wanda ya karanta shi a tsanake zai tarar cewa marubucin ya damu ƙwarai da abubuwan da suka shigo ƙasa da waɗanda suka fita, da kuma dalilin cikar gari ko watsewarsa.

Ta fuskar labarin ƙasa, labarin ya soma ne daga dutsen Dala, inda Barbushe da jama'arsa suke, kuma binciken kayan tarihi ya nuna ana narka tama a wurin tun wajen ƙarni na bakwai. Daga nan malami zai iya tambayar yara dalilin da ya sa mutane suka zaɓi gindin dutse mai tama, kusa da rafin Jakara, a tsakiyar ƙasa mai albarkar noma. Ganuwar da aka ce Gijimasu ya fara ginawa ta kewaye gonaki da fadamu tare da gidaje, abin da yake koya wa ɗalibi cewa birnin da aka yi wa ƙawanya yana bukatar abinci kamar yadda yake bukatar mayaƙa.

Ta fuskar tattalin arziki, littafin ya fi ko'ina yalwa. Ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Yaji, da buɗe hanya tsakanin Barno da Gwanja da samuwar raƙuma a zamanin Abdullahi Burja, da yawaitar gishirin Azbin a zamanin Yakubu, da kafa kasuwar Kurmi a zamanin Muhammadu Rumfa, da shigowar kuɗin wuri a zamanin Sharefa. Idan aka ɗora waɗannan a kan taswira, yaro zai ga da idonsa cewa arzikin Kano ya dogara ne a kan zamanta mahaɗar hanyoyi tsakanin hamada da kurmi, kuma zai fahimci dangantakar goro da gishiri da tufafi ba tare da an ba shi ma'anar kalmar ciniki daga allo ba.

Ta fuskar ilmin zaman ɗan ƙasa kuwa, da wuya a samu misalin da ya fi labarin Kumbari, wanda ya yi mulki a farkon rabin ƙarni na sha takwas. An nuna cewa ya tsananta haraji a kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, ya ɗora wa malamai haraji, Larabawa suka koma Katsina, talakawa kuma suka watse zuwa ƙauyuka. A cikin 'yan layuka kaɗan an haɗa haraji da ƙaura da haƙƙin mai mulki a kan waɗanda yake mulka. Haka nan majalisar Tara ta Kano da aka danganta kafa ta ga Rumfa, da labarin tuɓe Kukuna da mayar da shi, suna nuna cewa ikon sarki yana da masu taka masa birki tun kafin zuwan Turawa. Ɗalibin da ya san wannan zai fi saurin gane aikin Majalisar Dokokin Jiha, domin yana da abin da zai kwatanta ta da shi.

4.0 Raunin Littafin

Rauni na farko shi ne daga fada aka hango kome. Manomi da marini da maƙeri ba su bayyana sai in an karɓi wani abu daga hannunsu. Bayi kuwa adadi ne kawai, kamar yadda aka ba da labarin garuruwa 21 da Galadima Dauda ya kafa da waɗanda ya kamo daga kudu. In malami ya karanta wannan wuri a matsayin bajinta ya wuce, to ya koya wa yara su yi alfahari da abin da ya kamata su tsaya su yi tunani a kansa. Ko sunan littafin Dokaji ma, wanda kirarin birnin ne, ya ɗora gidan sarauta guda a tsakiyar labarin jama'a baki ɗaya.

Rauni na biyu shi ne littafin na masarauta ne, jiha kuwa wata aba ce daban. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, ta ƙunshi masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, a 1991 kuma aka cire Jigawa daga cikinta. Garuruwa irin su Rano da Gaya da Ƙaraye suna da nasu tsofaffin labarai, amma a littafin galibi ta fuskar hulɗarsu da birni ake ganinsu. Yaron da yake ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar yana iya gama karatun ya ɗauka cewa garinsu ba shi da tarihi sai ranar da sarki ya bi ta cikinsa.

Rauni na uku shi ne inda labarin ya tsaya. Babu Basasa wadda ta ɓarke a 1893, babu cin Kano da Turawa suka yi a 1903. Babu isowar jirgin ƙasa a 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo baya, wanda ya fito da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, balle fari da cutar da suka karya noman gyaɗar a shekarun 1970. Babu kafa jam'iyyar NEPU a 1950, da gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Audu Baƙo, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e. Waɗannan kuwa su ne suka fi kusa da rayuwar ɗalibi, kuma su ne za su bayyana masa dalilin da ya sa mahaifinsa yake noman shinkafa a Kura, ko yake zaɓen kansila. Ba laifin marubucin ba ne, domin ba zai rubuta abin da bai riska ba. Laifin yana wuyan wanda ya ɗauki littafin a matsayin cikakken tarihin jiha.

5.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa Littafin Tarihin Kano yana ɗauke da kayan koyar da tarihi da labarin ƙasa da tattalin arziki da ilmin zaman ɗan ƙasa, muddin an karanta shi a matsayin shaida wadda ake yi wa tambayoyi. Ta kuma nuna gazawarsa ta wajen mahanga da faɗin ƙasa da zamani. Abin da ake bukata shi ne a sake buga fassarar 1933 cikin daidaitacciyar Hausa, da taswirori da bayanin kalmomin sarauta, a kuma rubuta ƙananan littattafai da za su cike abin da ya faru daga 1893 zuwa yau, tare da labaran garuruwan da suke wajen ganuwa. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan sassan harsunan Nijeriya da na tarihi a jami'o'i da kwalejojin ilmi. Irin wannan nazari ya cancanci a yi wa Tarihin Fulani na Waziri Junaidu da sauran littattafan da makarantun Sakkwato da Katsina da Zariya suka gada.