Suna linzami: Orfe a adabin baƙar fata

A tatsuniyoyin Girkawa, Orfe mawaƙi ne wanda kiɗansa ke sa namun daji su natsu. Da maciji ya sari matarsa Yuridis ta mutu, sai ya bi ta har ƙasar matattu, ya yi ta waƙa har sarkinsu Hades ya tausaya masa, ya mayar masa da ita bisa sharaɗi guda: kada ya waiwaya sai sun fito sarari. Ya waiwaya, ta ɓace masa har abada. Wasu masana harshe suna danganta sunan da saiwar kalmar da ke nufin maraya, wato wanda aka raba da nasa.

Wannan sunan ne Jean-Paul Sartre ya ɗauko a shekarar 1948, lokacin da ya rubuta gabatarwa ga kundin waƙoƙin marubuta baƙar fata 16 masu rubutu da Faransanci, wanda Léopold Sédar Senghor ya tattara. Ya raɗa mata suna Orphée noir, ma'ana Baƙin Orfe. Hujjarsa ita ce mawaƙin da mulkin mallaka ya raba da asalinsa yana nutsawa cikin kansa don neman abin da ya rasa, kamar yadda Orfe ya sauka neman matarsa. Sunan ya samu karɓuwa: a 1957 Ulli Beier ya kafa mujallar Black Orpheus a Ibadan.

Sai dai a ganinmu, wanda ya ari suna ya ari ƙarshen labarinsa. Orfe bai dawo da kowa ba, kuma Sartre ya san haka, domin a wannan gabatarwar ya ɗauki aƙidar Négritude a matsayin zango kawai, wanda za a wuce a kan hanyar zuwa duniyar da ba ta duba launin fata. Frantz Fanon ya gane wannan tarko; a littafinsa Peau noire, masques blancs na 1952 ya koka cewa aminin nasu ya yanke wa tafiyar hukunci tun tana ƙuruciya.

Gabatarwar ta buɗe wa waɗannan mawaƙa ƙofofin Paris, wannan ba a musu. Amma ta yi musu kirari da sunan mutumin da waiwaye ya hallaka burinsa, alhali Senghor da Césaire sun ɗauki waiwayar Afirka a matsayin tushen waƙarsu. Mai karanta kundin a yau ya kyautu ya fara da waƙoƙin, ya bar gabatarwar sai daga baya.